Fulogi Mai Ƙafa Uku

A shekarar 1942 ba kowane Bature ne zai bugi ƙirji ya ce Birtaniya za ta fita daga yaƙi da ƙafafunta ba. Jiragen Jamus sun riga sun shafe wata takwas suna yi wa Landan da Coventry da Liverpool ruwan bama-bamai, unguwanni sun koma kufai, nama da sukari da tufafi duk sai da katin rabo. A cikin wannan hali ne wani kwamiti na injiniyoyi ya fara zama, ana ta ja-in-ja a kan ramin da ake soka fulogi a jikin bango: guda nawa za a sa a ɗaki, wace irin waya za ta kai masa wuta, ta yaya za a hana yaro mai rarrafe zura masa ƙusa. Wanda ya leƙo daga waje sai ya ce mutanen nan sun rasa aikin yi. Amma abin da suka tsayar a lokacin shi ne yau yake manne a bangon shagunan Kantin Kwari, da masaukan alhazai a Makka, da ofisoshin Accra da Nairobi da Singafo.

Lantarki ya shiga gidajen Ingila ne don fitila kawai. A shekarun 1880 mai hali zai sa a ja masa waya zuwa rufin ɗaki, a rataya ƙwai, aiki ya ƙare. Da aka fara ƙera dutsen guga da butar shayi da fanka masu aiki da wuta, sai aka rasa inda za a jona su. Matar gida takan kwance ƙwan fitilar ta ɗaura wayar dutsen guga a gurbinsa, ta yi gugarta waya na reto daga sama. Soket na bango ya fara fitowa tun cikin waɗannan shekaru, sai dai kowane kamfani da nasa awon: ƙafar fulogin wannan ta fi ramin wancan kauri, tazarar wancan ba ta hau ta wannan ba. Dokokin wayarin na farko, waɗanda ƙungiyar injiniyoyin tangarahu da lantarki ta fitar a 1882, 'yan shafuka ne ƙalilan, kuma yawancin maganarsu a kan hana gobara ce. A shekarar ce ma kamfanin inshora na Phoenix ya fitar da nasa dokokin. Ba mamaki, 'yan inshora gidan da ya ƙone suke biya. Mutumin da wuta ta ja bai shiga lissafi sosai ba tukuna.

Ita kanta wutar ba iri ɗaya ba ce. Dab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, birnin Landan kaɗai yana da kamfanoni da ƙananan hukumomi fiye da 60 masu sayar da lantarki, da matakan ƙarfin wuta 24, da saurin kaɗawa iri 10. Wasu unguwanni wutarsu mai tafiya hanya ɗaya ce, irin ta batir, wasu kuma mai kai-da-komo. Mutum zai tashi daga wannan unguwa ya koma waccan, ya tarar dutsen gugarsa ko dai ya ƙi zafi ko ya ƙone. Dokar 1926 ce ta kafa hukumar da ta haɗa tashoshin wuta a kan babban layi guda mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wanda ya fara aiki a 1933. Sai da wutar ta daidaita sannan daidaita ramin bango ya zama magana mai ma'ana.

Masu daidaitawar kuwa suna nan tun 1901, lokacin da aka kafa wani kwamiti don rage yawan nau'o'in ƙarfen gini da na layin taragu. Shi ne ya girma ya zama Hukumar Ƙa'idojin Birtaniya a 1931, wadda haruffan BS da ake gani a bayan fulogi ke nuni gare ta. A 1915 suka fitar da ƙa'idar fulogi mai ƙafa biyu. A 1934 abubuwa biyu suka zo tare: bugu na 10 na dokokin wayarin ya wajabta wa kowane soket mahaɗar ƙasa, sannan aka fitar da BS 546, fulogi mai zagayayyun ƙafafu uku.

A nan sai an ɗan zauna, domin duk wannan tarihi a kan ƙafa ta ukun yake tafiya. Waya biyu sun isa su sa dutsen guga ya yi zafi: ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta mayar. Matsalar tana zuwa ne ranar da robar waya ta cinye daga ciki, tsirarar wayar wuta ta taɓa ƙarfen jikin dutsen. Babu ƙara, babu hayaƙi, dutsen na aikinsa lafiya lau, amma jikinsa gaba ɗaya ya ɗauki wuta. Tun daga tiransifoma an riga an ɗaure wayar dawowa da ƙasa, saboda haka ƙasar da muke takawa, a wajen lantarki, hanyar komawa gida ce. Wanda ya taɓa dutsen da jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi a kan siminti, ta jikinsa wutar za ta bi. Kuma ba mai yawa ake buƙata ba. Kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, idan ta ratsa ƙirji ta ɗan daɗe, tana iya rikita bugun zuciya. Ƙwan fitila irin na da mai wat 60 yana jan abin da ya ninka wannan fiye da sau takwas.

Wayar ƙasa, atin a bakin masu wayarin, aikinta irin na kwatar da ake haƙawa a ƙofar gida kafin damina ne: ruwa zai zo ba makawa, sai dai a ba shi hanyar da ta fi ta tsakar ɗaki sauƙi. Ana ɗaure ta da ƙarfen jikin na'ura, ta bi ta ƙafa ta uku, ta shiga bango, ta koma tushe. Da zarar wayar wuta ta taɓa ƙarfen, wuta mai yawan gaske za ta kwarara ta wannan hanya, fis ya tsinke nan take, komai ya mutu kafin hannu ya iso. Mutane da yawa suna zaton shanye wutar take yi a hankali. A'a. Ɓoyayyen lahani take mayarwa babba, babban da fis ba zai iya kau da kai daga gare shi ba. Idan hanyar ba ta da faɗin da za ta tsinka fis ɗin, to rabin aikin ne aka yi, kuma za mu komo kan wannan idan mun iso gida.

BS 546 ya magance maganar ƙasa amma ya bar wani ciwon kai. Girma huɗu gare shi: mai amfiya 2, da 5, da 15, da 30, kuma babu wanda ke shiga ramin ɗan'uwansa. Fitilar tebur da nata ƙaramin rami, hita da nata babba. Yawancin fulogan babu fis a cikinsu, kariyar tana can a allon rarraba wuta, don haka kowane soket mai amfiya 15 sai an ja masa wayarsa shi kaɗai tun daga allon, da fis ɗinsa na kansa. Wannan tsada ce, kuma mai gina gidan haya ba ya son tsada a kowace ƙasa yake. Gidan ma'aikaci a shekarun 1930 sai ka same shi da soket ɗaya ko biyu kacal, sauran kaya an cusa su a adafta kan adafta, ko an koma wa gurbin ƙwan fitila, inda babu wayar ƙasa sam. Mai amfiya 15 ɗin bai ɓace ba. Duk wanda ya taɓa duba inda ake jona na'urar sanyaya ɗaki ko hitar banɗaki a tsofaffin gidajen gwamnati na Kaduna ya ga ƙaton soket mai zagayayyun ramuka uku. Shi ne wannan, na 1934.

Wanda ya assasa zaman na lokacin yaƙi shi ne Lord Reith, mutumin da ya fara shugabantar BBC, wanda a lokacin yake ministan ayyuka da gine-gine. A 1941 ya sa a kafa kwamitoci su yi nazarin yadda za a sake gina ƙasar idan yaƙi ya ƙare. Firaminista Churchill ya sallame shi a farkon 1942, amma kwamitocin sun ci gaba, kuma ƙungiyar injiniyoyin lantarki ce ta haɗa na wayarin. Rahotonsu, na 11 a jerin, ya fito a 1944.

Mace ɗaya ce a cikinsu, Caroline Haslett. An haife ta a 1895, ta fara aiki a matsayin akawu a wani kamfanin tukunyar tururi, ta koyi aikin injiniya a can lokacin Yaƙin Farko da maza suka tafi fagen daga. Ta zama sakatariyar farko ta ƙungiyar mata injiniyoyi a 1919, sannan daga 1924 ta jagoranci wata ƙungiya mai koya wa matan gida lantarki: yadda ake canza fis, yadda ake ɗaura fulogi, da abin da ya kamata su nema daga masu ƙera kaya. Sau da yawa za ka ji ana cewa ita ta ƙirƙiro fulogin Ingila. Wannan an yi ƙari, aikin taro ne, kuma ƙirar ƙarshe daga baya aka kammala ta. Amma ita ce a ɗakin ta shafe shekara ashirin tana sauraron waɗanda ke yini a gida tare da soket da yara. Kuma da rahoton ya zo lissafa sharuɗɗan sabon soket, na farko ba ƙarfin wuta ba ne, ba farashi ba ne. Kare ƙananan yara daga taɓa wuta ne, ta hanyar murfin da ke rufe ramukan. A ganina wannan jerin bai zo haka kawai ba.

Sai dai abin da ya ba fulogin siffarsa talauci ne. Jan ƙarfe ya tafi wajen harsashi da jirage, kuma kowa ya san ko an daina harbi zai daɗe yana wuya, ga miliyoyin gidaje da za a gina. Kwamitin yana son kowane ɗaki ya samu soket da yawa, amma ja wa kowanne wayarsa ba zai yiwu ba. Dabarar da suka ɗauka ita ce zobe. Waya za ta fita daga allo, ta zagaya gidan tana ratsa soket bayan soket, sannan ta komo inda ta fito. Kowane soket yana samun wuta ta ɓangare biyu, don haka waya siririya za ta iya ɗaukar nauyin da a da sai mai kauri. Fis ɗaya mai amfiya 30 ke tsaron zoben duka, kuma ana iya sa soket ko nawa a filin da bai wuce ƙafa murabba'i 1,000 ba, abin da daga baya aka mayar mita murabba'i 100.

Wannan dabara ta haifi wata matsalar. Fis mai amfiya 30 bai san da zaman siririyar wayar fitilar tebur ba. Wayar za ta iya yin zafi, ta narke, ta kunna wa labule wuta, shi yana can bai ji komai ba. Dole a sa ƙaramin fis kusa da na'urar, kuma a ƙarin rahoton da suka fitar a watan Yulin 1944 suka tsayar cewa a cikin fulogin za a sa shi. Daga nan komai ya biyo baya. Tunda fulogi marar fis haɗari ne a kan zobe, dole sabon ramin ya ƙi karɓar tsofaffin fulogai, shi ya sa aka yi ƙafafun masu kusurwa huɗu maimakon zagayayyu. Amfiya 13 kuwa, adadin da ke ba mutane mamaki, lissafi ne: sau bolt 230 ya ba da kusan wat 3,000, gwargwadon babbar hitar ɗumama ɗaki, wadda ita ce mafi cin wuta a gidan Bature da hunturu. Aka fitar da ƙa'idar a 1947 da lamba BS 1363.

Wanda bai taɓa kwance irin wannan fulogi ba ya samu sukundireba ya gwada, bayan ya zare shi daga bango. Sukurun tsakiya ɗaya ne. Da ka ɗaga murfin, a dama za ka ga fis kwance a maƙalai biyu, tsawonsa inci ɗaya, jikinsa na tangaran, an cika cikinsa da yashi domin idan wayar ciki ta narke yashin ya kashe tartsatsin. Mai rubutu ja amfiya 3 ne, na fitila da rediyo. Mai ruwan ƙasa 13 ne, na hita da dutsen guga. A ƙasa akwai maƙalar da ke danne babbar robar waya. Sai ka lura da tsawon wayoyin uku idan gwani ne ya ɗaura: ta wuta ita ce gajera, ta ƙasa an bar mata sarari har ta ɗan lanƙwashe. Idan wani ya yi tuntuɓe da igiyar ya fizge ta, wayar wuta ce za ta fara tsinkewa, ta ƙasa ce ta ƙarshe. Juya shi ka duba ƙafafun: ta sama ta fi biyun tsawo da kauri. Ita ke fara shiga, ita ke ƙarshen fita, kuma a yawancin soket ita ce ke ture murfin da ya toshe ramukan wutar. Igiyar ma ta ƙasa ta fito, ba ta baya ba, don kada a riƙa zare fulogi da jan waya. Duk wanda ya zana wannan abu ya ɗauka cewa mai amfani da shi zai yi gaggawa, zai yi sakaci, kuma akwai yaro a gidan.

Bai ci kasuwa dare ɗaya ba. Kamfanoni biyu, Wylex na Manchester da Dorman & Smith, suna da nasu fulogan masu fis, kuma an sa su a dubban gidajen da ƙananan hukumomi suka gina bayan yaƙi. Na Dorman & Smith fis ɗin shi ne ƙafar wutar kanta, ɗaure shi ake yi kamar sukuru. Wani lokaci ya kwance, a zare fulogi shi ya tsaya a cikin soket, ƙarfe tsirara mai wuta yana leƙe daga bango. Tsofaffin gidaje kuma sun ci gaba da zagayayyun ramukansu har shekarun 1960 da 1970. Saboda wannan cakuɗa, shekara da shekaru ana sayar da kayan wuta a Ingila babu fulogi, sai mutum ya kai gida ya ɗaura wanda ya dace da bangonsa, har a makaranta ana koya wa yara. Ba kowa ke ɗaurawa daidai ba. Sai dokar 1994 ce ta tilasta a sayar da kaya da fuloginsu a jiki.

Gyare-gyaren da aka yi a tsakani duk daga abin da ya faru da mutane suka fito. A 1984 aka wajabta lulluɓe gindin ƙafafun wuta biyu da roba, saboda yatsa ko tsabar kuɗi na iya shiga tsakanin fulogin da bango idan bai gama shiga ba. Launin wayoyi ma ya canza. A da ja ce wuta, baƙa ce dawowa, koriya ce ƙasa. Amma a tsohon tsarin Jamus ja ita ce wayar ƙasa. Bature ɗan Ingila ya sayi na'urar Jamus, ya ga ja ya ɗaura ta a ƙafar wuta kamar yadda ya saba, ya mayar da jikin na'urar gaba ɗaya tarko. Ga kuma maza da yawa da idonsu ba ya bambance ja da kore. A wajajen 1970 igiyoyin kaya suka koma ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya, wayoyin cikin bango kuma suka bi sahu tsakanin 2004 da 2006. Mu a nan har yau ja da baƙi ake ja a cikin bango, igiyar na'ura kuma ta zo da sabon launi, mai wayarin yana riƙe da duka biyun a ka.

Ba aibi ne babu ba. Fulogin ƙato ne, yana cika jaka, kuma idan ya faɗi ƙafafunsa sama suke kallo, wanda ya taka shi da dare ba ya mantawa. Zoben ma yana da mugun hali guda: idan ya tsinke a wani wuri, duk soket za su ci gaba da kawo wuta ta ɗaya ɓangaren, ba wanda zai sani, alhali siririyar waya na ɗauke da nauyin biyu. Yawancin ƙasashen Turai ba su kwaikwaye shi ba, kuma ko a Ingila injiniyoyi na gardama a kansa har gobe.

Yadda ya bazu a duniya kuwa, kalanda ce ta raba. Indiya ta samu 'yanci a 1947, shekarar da ƙa'idar ta fito, don haka ta zauna a kan zagayayyun ƙafafu na 1934 har yau. Afirka ta Kudu ma ta riƙe babban mai amfiya 15. Ƙasashen da Ingila ta ci gaba da riƙewa cikin shekarun 1950, irin su Nijeriya da Ghana da Kenya da Malesiya da Hong Kong, su suka karɓi sabon, ta hannun injiniyoyin sashen ayyuka da makarantun koyon sana'a da ke karantar da dokokin wayarin na Landan. Legas ta ga lantarki tun 1896, hukumar ECN ta fara aiki a 1951, NEPA ta gaje ta a 1972, kuma duk tsawon wannan lokaci littafin da mai wayarin ke cin jarrabawa da shi na Ingila ne. A ƙetaren iyaka kuwa Faransa ce ta yi wayarin. Nata soket ɗin ramuka biyu zagayayyu gare shi, ƙafar ƙasa kuma a jikin soket ɗin take, ita ke shiga fulogi. Jamus ta bi wata hanyar, mahaɗar ƙasarta a gefe da gefe. Abin dariyar shi ne wutar Kainji ce ke bin layin Birnin Kebbi zuwa Yamai tun shekarun 1970, wani layin kuma ya tashi daga Katsina ya shiga Gazawa ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Wutar ɗaya, dangin ɗaya, amma cajar da aka saya a Katsina sai da adafta a Maraɗi.

An yi ƙoƙarin haɗa kan duniya. Hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, wadda aka kafa a Landan a 1906, ta fitar da fulogin da take fatan kowa zai ɗauka a 1986: ƙarami, mai ƙafa uku, mai kyan tsari. Afirka ta Kudu ce daga baya ta karɓe shi sosai, Burazil ta ɗauka ta yi masa nata gyaran, kusan duk sauran suka yi shiru. Turai ta daidaita ƙarfin wutarta a bolt 230 a kan takarda, amma ramin bango ya gagara. Da Tarayyar Turai ta sake duba batun a 2017, sai aka ƙiyasta cewa canza soket da fulogi zai ci yuro biliyan 100, ya bar sharar tan 700,000, ya ɗauki fiye da shekara 75. Aka rufe fayil. A halin da ake ciki tsohon na 1947 ne ma ke ƙara samun ƙasa: Saudiyya ta tsayar da shi a 2010, Sri Lanka ta yanke shawarar komawa kansa a 2016 ta hana sayar da sauran.

Abin da ya iso mana dai siffa ce, kuma siffar rabin tsarin ce. Sauran rabin yana bayan bango inda mai haya ba ya gani. Kwance soket a gidajen haya da yawa za ka tarar da waya biyu, ja da baƙa, sukurun sama kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Mai gida ya ce a rage kuɗi, mai wayarin ya rage inda ba za a lura ba, kuma gwajin da ake yi ranar miƙa aiki bai wuce a kunna a ga wuta ta kawo ba. Tun ran gini ran zane: wayar da ba a ja ba kafin filasta, da wuya a sake fasa bango dominta. Murfin da aka sa don yara, mu manya muke karya shi. Kowa ya ga yadda ake yi: a zura murfin biro ko tsinken ashana a ramin sama, a danna, a cusa fulogi mai ƙafa biyu, ko ma tsirarun wayoyi a toshe su da ashana. Firijin gwanjo da ya fito daga Jamus ko Beljiyam yana zuwa da fulogin da mahaɗar ƙasarsa take a gefe. Idan aka cusa shi ta adafta mai arha, ƙafa biyun za su samu wuta, firiji ya yi sanyi, amma jikinsa bai haɗu da komai ba, kuma babu fis a tsakani. Fis ya tsinke, a naɗa masa zaren waya. A kasuwa kuma ga na jabu: fis marar yashi da ke fashewa maimakon tsinkewa, da fulogin da aka lulluɓe ƙafarsa ta sama da roba, abin da ƙa'idar ta hana domin yana iya raba ta da mahaɗarta. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana nan tun 1971, NEMSA mai duba wayarin ta samu dokarta a 2015, amma soket miliyan nawa ne, masu dubawa nawa ne?

Ko inda aka ja wayar ta uku, akwai sauran magana. A biranen Ingila kamfanin wuta ne ke ba yawancin gidaje mahaɗar ƙasa ta ƙarfe tun daga tiransifoma. Da can bututun ruwan famfo suke amfani da shi, har dokokin 1966 suka hana dogaro da shi kaɗai saboda bututun roba sun fara maye na ƙarfe. A wajenmu sanda ake kafawa. Za a haƙa rami a bayan gida, a buga sandar jan ƙarfe, a zuba gawayi da gishiri, a kwarara ruwa, a binne. Da damina lafiya lau. Amma ƙasa busasshiya ba ta son wuce da wuta. A ce turjiyar sandar ta kai om 50: bolt 230 zai tura amfiya 4.6 ne kawai ta cikinta. Fis mai 13 ba zai ko motsa ba, jikin firijin kuma yana nan da wutarsa. Ga sanda, ga waya, ga ƙafa ta uku, amma ba kariya.

Maganin wannan ya fito ne daga Afirka. A tsakiyar shekarun 1950 wani injiniya a Afirka ta Kudu, Henri Rubin, ya ƙera na'urar da ke jin yoyon wuta saboda ma'aikatan mahaƙar zinariya. Aikinta awo ne: tana gwada wutar da ta fita da wadda ta komo, idan aka samu giɓi, wato wata ta bi ta ƙasa ko ta jikin mutum, sai ta yanke. Irin ta gida tana faɗuwa a kashi 30 cikin 1,000 na amfiya, cikin ƙiftawar ido, kuma ko sandar da turjiyarta ke da ɗan yawa ta ishe ta aiki. Ingila kanta sai a 2008 ta wajabta ta a kan kusan kowane soket na gida, shekara 61 bayan fulogin. Masu wayarin namu sun san ta, suna ce mata ELCB, kuma sun san abin da kan biyo baya: a gidan da wayarinsa ke yoyo za ta yi ta faɗuwa, mai gida ya gaji ya kira a cire ta a haɗa kai tsaye. A jikinta akwai ɗan maɓallin gwaji da ya kamata a riƙa dannawa lokaci zuwa lokaci a ga ko ta faɗi. Ita kuwa sandar bayan gida, gishirin da aka zuba mata yana wankewa da ruwan sama, yana kuma cin ƙarfen a hankali, don haka awon shekarar da aka gina gida ba ya nuna halin da take ciki yau. Mai aikin da ya san hannunsa ba ya yarda da awon watan Agusta. Yakan komo da mitarsa a Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, ya sake aunawa, idan adadin ya haura ya ƙara sanda ta biyu nesa da ta farko ya haɗa su.